Alamar da Aka Yi a Goshi

Ƙarfe bakwai da rabi na safe aka miƙo min jerin waɗanda za a yi wa aiki, ina tsaye a ƙofar ɗakin tiyata da kofin shayi a hannu. Mutum huɗu ne. Uku yanar ido za a cire musu, aikin da ko da barci a idona zan iya jera masa kaya. Na huɗun ne babba: namiji, shekara hamsin da takwas, ciwon daji a can cikin ido, za a cire idon gaba ɗaya kafin abin ya bi jijiya ya haura kai. Na karanta sunan sau biyu, sannan na ajiye kofin a kan taga don kada ya suɓuce min.

Shekarata goma sha shida ina aikin jinya a sashen ido, kuma Barkono ake kirana, tun daga likitoci har masu share ƙasa. Ban taɓa musun sunan ba. Ina da baki, ina da riƙo, kuma wanda na fi riƙewa a duniya shi ne mai wannan sunan.

Mai Gareji muke ce masa a gida. A wurinsa yayana yake aikin walda shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Wata rana aka yanka ƙarfen wata ƙofa ya gaza tsawo, suka yi ka-ce-na-ce a kan wanda ya auna, Mai Gareji ya ɗauki guntun ƙarfe ya jefi Yaya da shi a fuska. Idon hagu ya fashe. A kotu, ma'aikata uku da suka sha cin abinci a gidanmu suka rantse cewa ƙarfen daga bakin inji ya fallatso. Alƙali ya rubuta haɗarin aiki, ya rufe fayil. Yaya ya bar walda, domin mai ido ɗaya ba ya gane nisan wuta da hannunsa, ya koma yanka makullai a wata 'yar rumfa kusa da tasha.

Ranar da aka yanke hukuncin, a kan matakalar kotu, gaban jama'a, na nuna Mai Gareji da yatsa na ce Allah ya nuna min ranar da idonsa zai zo hannuna. Baba ne ya ja ni zuwa mota yana cewa in rufe masa baki.

Na leƙa ɗakin jira ba tare da na rufe fuskata ba tukuna. Yana zaune cikin rigar asibiti mai ɗauri ta baya, ya rame, gashin duk ya yi fari, hannayensa masu tabon ƙuna a kan gwiwa. Ya ɗago ya dube ni, ni ma na dube shi, sai ya mayar da kansa ƙasa. Na ce a raina bai gane ni ba, mugu ai ba ya ajiye fuskokin waɗanda ya cuta.

Na wuce ofishin shugabar sashe.

"Hajiya, a canza ni a aiki na huɗu."

"Da wa zan canza ki? Biyu suna hutu, ɗaya ɗanta ba lafiya. Ko nas ɗin ɗakin kwanciya ba ta zo ba, ƙawarki na tura ta cike takardu. Me ya faru?"

"Ba komai."

"To idan ba komai, je ki yi aikinki. Kuma babban likita ba ya nan, an kira shi wani asibiti. Baƙo ne zai karɓa, ki taimaka masa."

Ƙawar tawa Mai Waƙa ake ce mata. Kirista ce, kuma ba ta iya ƙirga almakashi sai tana rera waƙar coci ƙasa-ƙasa. Tare muka fara aiki, tare muke cin abincin rana, kuma rabin abincin a musu yake ƙarewa. Ta san labarin Yaya amma ba ta san fuskar mutumin ba, ba ta kuma riƙe sunansa ba. Ta sha ce min su an koya musu su bar ramuwa, wanda ya mare ka ka ƙyale shi da Ubangiji. Ni kuma in ce mu an ba mu haƙƙinmu cif, ido a bakin ido, kuma ai a tsohon littafinsu ma haka yake, su ne suka tsallake shafin. Sai ta ce in ci abincina kafin ya huce. Abin da ba na faɗa mata shi ne sauran maganar da Baba yake ƙarawa kullum: haƙƙin na wanda aka cuta ne, hannun alƙali ne ke ɗaukar masa, kuma in ya yafe ya fi. Wannan ɓangaren ni nake tsallakewa.

Ayyuka uku na farko suka wuce lami lafiya. Baƙon likitan hannunsa da kyau, sai dai yana yawan kallon agogo, domin yana da wani aikin da rana a can inda ya fito. Wajen sha ɗaya da kwata aka turo Mai Gareji a gado mai taya. A saman girarsa ta dama akwai kibiya da aka zana da shuɗin alƙalami, tana nuna ido. Haka muke yi wa kowa, don kada a taɓa lafiyayyen.

A wannan aikin Mai Waƙa ce za ta wanke hannu ta riƙa miƙa wa likita kaya. Ni ce ta waje, mai fayil, mai tambaya, mai karantawa. Na rufe hanci da baki, na tsaya a gefen gadon, na yi masa tambayoyin da ƙa'ida ta ce, ina kallon bango.

"Sunanka?"

Ya faɗa.

"Ka ci wani abu da safe?"

"A'a."

"Wane ido za a yi wa aiki?"

Ya yi shiru har sai da na dube shi.

"Wanda kuka sa wa alama," in ji shi.

Wani mara lafiyar ne da ban karɓi wannan amsar ba, sai ya ɗaga hannu ya nuna min da kansa. Amma muryarsa tayar min da zuciya take yi, ba na son in ƙara jin ta. Na yi wa layin maki na matsa. Mai allurar barci ya yi aikinsa, cikin minti biyu Mai Gareji ya tafi. Aka shafe gefen dama da maganin kashe ƙwayoyin cuta, aka lulluɓe fuskar da koren ƙyalle mai huda ɗaya, ba abin da ake gani sai idon dama da kan kibiyar.

Kafin a taɓa kowa da ƙarfe muna da tsayawa. Kowa ya dakata, ta waje ta karanta suna da aiki da gefe da ƙarfi, kowa ya amsa da bakinsa. Ƙa'ida ta ce daga rahoton hoton ido za a karanta, wanda ke can cikin fayil, ba daga takardar sama da aka cike da safe ba. Amma in ana sauri, wa yake tona fayil? Ni dai ina tonawa, don taurin kaina. Na ɗaga takardar sama, wadda Mai Waƙa ta rubuta dama da kyakkyawan rubutunta, na buɗe rahoton.

Hagu. Na duba wasiƙar babban likita, hagu. Na duba gwajin gani, idon dama lafiya ƙalau, yana karanta har layin ƙasa.

Nan take na gane yadda aka yi. A hoton, inuwar ciwon tana gefen dama na takarda, domin hoto yana fuskantar mai kallonsa ne kamar mutum, hagunsa ne damanka. Mai Waƙa ta shekara goma ba ta cike wannan takardar ba, aikin 'yan ɗakin kwanciya ne. Ta kalli hoto ta rubuta abin da ta gani. Baƙon likita bai taɓa ganin mutumin ba sai yau. Ciwon kuma a ciki yake, daga waje idanun biyu iri ɗaya ne. Duk ɗakin ba wanda ya sani sai ni.

"Sista, muna jiranki," in ji likita.

Na mayar da takardar sama a kan rahoton. Na karanta suna, na karanta shekaru, na karanta aiki. Na zo kan gefe.

"Dama," na ce.

"Dama," in ji likita. Mai allurar barci ya ce dama. Mai Waƙa ta ce dama, ta ci gaba da waƙarta.

Ba zan yi wa kowa ƙarya ba, daɗi na ji. Wani sanyi ya sauko min tun daga wuya har ciki. Ban roƙi a kawo shi ba, na ma nemi a canza ni aka ƙi. Ban zana kibiya ba, ban riƙe almakashi ba. Na roƙi Allah a kan matakalar kotu, ga shi an kawo min har ɗaki, an kwantar, an lulluɓe. Idan wannan ba hukuncinsa ba ne, to mene ne? Abin da kawai ake nema a wurina shi ne in tsaya da fayil a ƙirji in yi shiru na minti arba'in.

Likita ya sa ƙarfen da ke buɗe fatar ido. Idon ya bayyana ƙarƙashin fitila, fari tas, baƙin yana sheƙi, yana kallon sama ba ya ganin kowa. Na ga dubban idanu a wannan gadon, na san lafiyayye in na gan shi.

Sai ƙidaya ta fara zuwar min, ba da sona ba. A makarantar jinya akwai wani tsohon likita Bayahude da ya koya mana, mutum mai son surutu a tsakiyar darasi. Ya taɓa ce mana malamansu sun daɗe suna tambaya a kan wannan hukuncin na ido a bakin ido: idan mai ido ɗaya ya fasa idon mai biyu, ka cire nasa, ka daidaita ke nan? Shi ya bar wancan yana gani, kai ka bar shi a duhu. Muka yi dariya a lokacin, muna jiran a tashi. Yanzu ga shi a gabana. In aka cire dama yau, hagu ma dole a cire shi gobe, domin ciwon yana nan. Yaya ya rasa ɗaya, yana ganin 'ya'yansa, yana ganin bakin makulli. Wannan biyu zai rasa. Na ce a raina to sai me, ribar shekara goma sha ɗaya ce. Amma na san ba haka aka ce ba, ko a wurinmu, ko a wurin su Mai Waƙa, ko a wurin tsohon.

Na kuma kalli takardar sama. Sa hannun da ke ƙasanta na Mai Waƙa ne. Ita za a kira, ita za a kora, ita za ta kwana da makantar da mutum har ta mutu. Kunya ta kama ni da na lura wannan ya fi taɓa ni fiye da idon da ke kan gado.

"Almakashi," in ji likita.

Mai Waƙa ta ɗora masa a tafin hannu. Ya kama farin fatar da ke gefen baƙin ido da ɗan matsi, ya ɗaga ta kaɗan. Muryar Baba nake ji, ba wa'azi ba, irin yadda yake tambaya in ya tarar na daki ƙanena a kan laifin da ya yi wa wani: ke wa ya sa ki?

"Tsaya!"

Da ƙarfi na faɗa, har mai allurar barci ya zabura. Likita ya tsaya da almakashin a buɗe.

"Lafiya?"

"Ba shi ba ne. Hagu ne. Cire hannunka, likita."

"Ke da bakinki kika ce dama."

"Na ce. Ga rahoto, ga wasiƙa. Duba da kanka."

Na riƙe masa fayil a gaban fuska. Ya karanta, ya sake karantawa, ya ajiye almakashin a hankali. Ya sa aka kawo fitilar duba cikin ido, ya leƙa dama, ya sa aka yaye ƙyallen ya leƙa hagu, ya daɗe a can. Da ya ɗago, gumi ya jiƙa hularsa. Bai ƙara kallon agogo ba. Mai Waƙa ta jingina da bango tana kiran sunan Yesu, sai da aka fitar da ita na wanke hannu na karɓi wurinta. Aka goge kibiyar, aka sake shiri daga farko. Ni na miƙa kayan da aka cire idon hagu na Mai Gareji, ni na karɓe shi a ƙaramin kwano na rufe.

Bayan an gama likita ya ce min na ceci mutum, na ceci asibiti, na cece shi. Mai Waƙa ta rungume ni tana kuka. Na zauna na rubuta rahoton abin da ya faru, na rubuta har da cewa na ga kuskuren kafin in karanta dama. Hajiya ta karanta, ta cire tabarau ta dube ni, ta ce za mu yi magana da hukumar asibiti ranar Litinin.

Da la'asar na shiga ɗakin kwanciya duba bandejinsa, don aikina ne. Ya farfaɗo, rabin fuskarsa a naɗe. Idon daman ya biyo ni tun daga ƙofa.

"Hagu kuka cire," in ji shi.

"Shi ne mai ciwon."

"Na sani. Wata biyar ina ganin duhu ta nan, ai na san idona. Da waccan mai cike takardun ta zana min kibiyar a dama, na ji sanyin alƙalamin."

Na tsaya da filasta a hannu.

"Ka sani? Na tambaye ka, ka ce wanda muka sa wa alama!"

"Na gan ki da safe, 'yata. Ban manta abin da kika ce a kotu ba. Na ɗauka ke kika sa a yi. Na ce to, ranar ta zo, gara a karɓa a nan da a karɓa a can."

Ban san lokacin da muryata ta tashi ba.

"Kada ka ƙara ce min 'yarka. Wato ka kwanta ne ka mayar da ni mahauciya, ka mayar da baiwar Allah da ba ta san hawa ba ta san sauka ba mai makantar da mutum, don kai ka samu sauƙi a lahira? Shekara goma sha ɗaya, ƙafarka ba ta san hanyar tasha ba? Wanda ka fasa wa ido yana nan da rai, ba ni ba ce!"

Na fita na kira Yaya a waya, na faɗa masa duka, har da abin da na karanta. Ya ce yana zuwa.

Kafin magariba ya iso, da ƙurar ƙarfe a rigarsa da baƙin tabaran da yake rufe gurbin idon. A baranda ya tsayar da ni.

"Ke wa ya aike ki?"

"Yaya, saboda kai..."

"Kin taɓa tambayata abin da nake so? Idona ne ko naki? Me zan yi da idon tsoho, in saka a aljihu?"

Ya wuce ni ya shiga. Ya ja kujera ya zauna ta gefen daman gadon, inda mutumin zai iya ganinsa, ya cire tabaran ya ajiye a kan gwiwa.

"Maigida, sannu da jiki."

Mai Gareji ya juyo da fuskarsa gare shi.

"Abu ɗaya na zo ji," in ji Yaya. "Alƙali ya rubuta inji ne. 'Ya'yana sun taso suna jin inji ne, har ni wani lokacin sai in ce ko dai mafarki na yi. Inji ne?"

"Ni ne," in ji Mai Gareji. "Da hannuna na jefa, kuma kai na nufa. Ni na ce wa yaran su rantse. Awon ƙofar ma ni na yi kuskure. Ka yafe min don Allah."

Yaya ya daɗe yana kallon ƙasa.

"Za ka faɗa a gaban Baba, da yaran nan uku, da alƙali in ya yarda ya saurara?"

"Zan faɗa."

"To. Yafiya kuma ban sani ba tukuna. Ka bar min ita, tawa ce, in na ga dama zan kawo maka."

Mai Gareji ya gyaɗa kai, hawaye yana bin gefe ɗaya. Ya miƙa hannu ya ɗauki gorar ruwa a kan 'yar durowar gefen gado don ya zuba a kofi. Ya karkata ta, ruwan ya sauka a gefen kofin, ya malale a kan durowa ya ɗiga ƙasa. Ya gyara, ya sake zubawa a waje. Na yunƙura zan karɓa, Yaya ya ɗaga min hannu.

"Ba haka ake yi ba yanzu," ya ce masa. "Idon zai riƙa yi maka ƙarya a kan nisa. Ka fara taɓa bakin gorar da bakin kofin, sai ka ji sun haɗu, sannan ka zuba. Ni sai da na yi wata shida ina jiƙa wando kafin in gane."

Mai Gareji ya taɓa gorar da kofin, ya zuba, ruwan ya shiga. Yaya ya mayar da tabaransa, ya miƙe, ya ce min in kawo tsumma in goge ƙasan kada wani ya zame.